Corolla mai karkarwa a silo: yadda na bi diddigin ciwon kafin a sayi kaya

Motar da aka kawo min gyara Corolla ce ta 2006, ƙirar Amurka, mai giyar otomatik, irin wadda muke kira Beljiyam ko da ba ta taɓa taka ƙasar Beljiyam ba. Injinta 1ZZ-FE ne, lita 1.8, silinda huɗu. Agogonta na nuna 151,000, kuma wannan mil ne, ba kilomita ba, wato ta haura kilomita 240,000. Mutane da yawa suna karanta agogon motar Amurka a matsayin kilomita, sai su ɗauka motar yarinya ce. Wata huɗu da sayenta, kuma ba ta zo da ko takarda ɗaya da ke nuna abin da aka taɓa yi mata ba.

Ƙorafin mai motar kashi uku ne. Da safe idan aka ta da ita tana karkarwa, silo, wato juyin injin idan ba a taka totur ba, yana hawa yana sauka. A danja, giya tana D ƙafa tana kan birki, sitiyari yana rawa a hannu. Sannan idan aka taka ta sosai don a wuce babbar mota sai ta yi jakin, wutar cek ta yi ta ƙyaftawa na ɗan lokaci kafin ta tsaya cak. Shan mai ma ya ƙaru. An riga an yi mata sabis sau biyu a wasu wurare: juye, sabbin filogi, wanke nozul.

"Oga, ka yi mata sabis na gaba ɗaya kawai, a huta," in ji shi.

"Alhaji, sau biyu aka yi mata ba ta ji ba. Ka bar min ita ta kwana a nan, gobe da safe mu ji ta bakinta."

Dalilin kwanan shi ne ciwon da ke fitowa da sanyi ba a kama shi a injin da ya ɗumama. Motar da aka tuƙo zuwa gareji ta riga ta ɓoye rabin abin da ke damunta. Lokacin hunturu ne, safiyar Kano da sanyinta, ba a samun lokacin da ya fi wannan dacewa.

Kafin na ta da ita na haɗa na'urar karanta kwamfutar mota. Mahaɗinta mai ƙafa 16 yana ƙarƙashin dashbod ta gefen direba, kuma duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da shi. Na murɗa ki ba tare da na ta da injin ba, na fara duba abu biyu: zafin ruwan injin da zafin iskar da ke shiga. Motar da ta kwana dole su zo kusan ɗaya. Ɗaya ya nuna digiri 16, ɗayan 17. Da sensar ruwa ta nuna 40 ko ƙasa da sifili a irin wannan safiya, da na san tana yi wa kwamfuta ƙarya, kuma duk wani lissafin mai da za a gani daga baya ba abin yarda ba ne.

Lambobin kuskure guda uku ne a ajiye: P0171, P0300 da P0303. Ta farko tana cewa iska ta yi wa mai yawa. Ta biyu tana cewa injin yana misin, wato wuta ba ta kama mai a wasu bugun, ba a silinda ɗaya takamaimai ba. Ta uku ta nuna silinda ta 3 da yatsa. Na rubuta su a takarda, na kuma rubuta bayanan da kwamfutar ta daskarar a daidai lokacin da ta kunna wutar, wato gudun injin, zafinsa da nauyin da yake ɗauke da shi. Wannan ne abin da ake asara idan aka kai mota wurin mai kwamfutar da aikinsa kawai ya danna goge, wutar ta mutu, ya karɓi kuɗinsa. Wutar za ta dawo bayan kwana biyu, shaidar kuwa ta tafi.

Game da ƙyaftawar wutar cek: idan ta kunnu ta tsaya, za a iya lallaɓawa zuwa gareji. Idan tana ƙyaftawa, ɗanyen fetur ne ke wucewa cikin salansa yana ƙonewa a cikin abin nan mai tace hayaƙi da kanikawa ke kira indomi, kuma zafin yana iya narkar da shi. A ɗaga ƙafa nan take. Na leƙa ƙarƙashin motar na ga nata yana nan, ba a yanke ba, abin da ba kullum ake samu ba saboda masu cire shi su sayar don ƙarafa masu tsada da ke cikinsa.

Na ta da injin. Karkarwa iri biyu ce, kuma rabe su ba ya buƙatar kayan aiki. Idan injin ne ke misin, tafin hannu a bakin salansa zai ji bugun iskar yana tsallake, fut, fut, shiru, fut. Idan robar da injin ke zaune a kai ce ta mutu, wadda muke kira injin sitin, bugun salansa zai zo daidai wa daida, amma jikin motar ya yi ta jijjiga a D, ya lafa da an mayar da giya N. A wannan motar salansa tana tsallake, kuma karkarwar ba ta daina ba a N, raguwa kawai ta yi. Injin ne.

A nan na daɗe, domin a nan amsar take. Kwamfutar mota tana auna iskar da ta shigo ta eya filo mita, ta lissafa man da ya dace, sannan sensar oksijin da ke gaban salansa ta gaya mata ko lissafin ya yi daidai. Idan bai yi ba, sai ta ƙara ko ta rage. Wannan ƙari da ragi yana fitowa a na'ura a layi biyu, na nan take mai suna STFT da na dogon lokaci mai suna LTFT, ana kuma haɗa su a karanta. Lafiyayyen inji yana yawo kusa da sifili, sama ko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari. Ya wuce 10, akwai magana. A wannan motar, minti kaɗan bayan tashi, na dogon lokaci yana kan 24, na nan take yana kaiwa 12. Kwamfutar tana ƙara sama da kashi ɗaya cikin uku na mai don kawai injin ya rayu.

Tambayar ita ce: iska ce ta yi yawa, ko mai ne ya yi kaɗan? Na taka totur na riƙe injin a juyi 2,500 a minti. Jimillar ta faɗo zuwa wajen 6. Wannan faɗuwar ita ce ta wanke famfon mai daga zargi. A silo bakin totur a rufe yake, injin yana zuƙa da ƙarfi, iskar da yake sha kuma kaɗan ce, don haka ɗan ƙaramin ɓuli yana shigo da kaso mai yawa na iskar da ba a auna ba. Da an buɗe totur, iskar halal ta rinjayi ta satar, sai lissafi ya daidaita. Da famfo ne ya gaji ko nozul suka toshe, da akasin haka za a gani: silo lafiya, amma ƙarin ya yi ta hawa yayin da injin ke neman mai. Haka ma eya filo mita mai datti, galibi a sama take rage ƙidaya. Saboda haka ban ɗaga kujerar baya na buɗe tanki ba. Ga wanda nasa lissafin ya nuna can, matsin mai a wannan injin ya kamata ya tsaya tsakanin psi 44 da 50, kuma matatar man tana cikin tanki tare da famfon, babu wata a waje da za a ce an canza.

Saura neman ɓulin. Na fara da arha: babban tiyon da ke tsakanin eya kilina da totur, na lanƙwasa shi ina duba cikin lanƙwasarsa, inda yake tsagewa ba a gani. Lafiya. Tiyon da ke zuwa birki, da na bawul ɗin PCV mai janye hayaƙin cikin inji, da ke jikin murfin inji, su ma lafiya. A wannan injin manifol ɗin shan iska na roba ne kuma yana gaba, ta wajen lagireto, don haka hannu yana kaiwa. Na ɗauki feshin wanke kafireto na ɗan fesa kaɗan-kaɗan a inda manifol ya haɗu da tof silinda, ido na kan na'ura. A wajen silinda ta 1 da ta 2 babu abin da ya motsa. Da na kai ta 3 da ta 4, sautin injin ya canza, STFT ya nutse zuwa ƙasa da sifili, bayan daƙiƙa kaɗan ya koma sama. Na maimaita sau biyu don na tabbata. Feshin nan yana kama wuta, don haka ana yin wannan gwajin ne injin da sanyinsa, da abin kashe gobara a kusa, ba a kusa da kwayil mai tartsatsi ba. Wanda ke da injin hayaƙi na gwaji ya fi, shi ba ya ƙona kowa.

Gaskit ɗin manifol robar zobe ce da ke zaune cikin kwari. Da shekaru da zafi takan bushe ta lafe. Da sanyi tana ƙanƙancewa iska ta sami hanya, da injin ya yi zafi komai ya kumbura ɓulin ya ɗan toshe. Shi ya sa ciwon safe ne, shi ya sa kuma wanda aka kai wa motar da rana tsaka bai gan shi ba.

Amma wannan bai bayyana jakin ɗin da take yi a kan hanya ba. Ɓulin iska yana damun silo ne, ba lokacin da aka taka mota ba. Misin a ƙarƙashin nauyi ya fi kama da wuta, domin idan silinda ta cika da iska da mai, tartsatsi yana buƙatar ƙarfi fiye da na silo kafin ya tsallaka bakin filogi. Ciwo biyu ke nan a jiki ɗaya, kuma irin wannan ne ke sa a yi ta canza kaya ana cewa an ɗan samu sauƙi.

Na cire murfin roba na saman injin. Kwayil, wato abin da ke ba filogi wuta, huɗu ne, kowace a kan filoginta, da kusa mai lamba 10 guda ɗaya. Silinda ta 1 tana ɓangaren sarƙar tayimin, wato hagunka idan kana tsaye a gaban motar. Da na zare ta 3, robarta ta fito jiƙe da baƙin mai, ramin filogin kuma da mai kwance a ciki. Ta 2 ma ta fara laima. Gaskit ɗin murfin bawul ne ke yoyo ta ciki. Baƙin mai yana kumbura robar kwayil, wuta ta sami hanyar zillewa zuwa jikin inji maimakon ta bi filogi. Kafin a kwance filogi a irin wannan rami, sai an tsane man da tsumma a kan dogon sukundireba, in ba haka ba duk ya gangara cikin silinda.

Ban yanke wa kwayil ɗin hukunci da ido ba. Na tsane ramin, na musanya ta 3 da ta 1, ban taɓa filogi ba, na goge lambobin tunda na riga na rubuta su, na fita da motar na taka ta a giya ta sama daga ƙaramin gudu. Ta yi jakin, lambar da ta dawo P0301 ce. Ciwon ya bi kwayil. Da ya tsaya a 3, da na musanya filogi, sannan nozul, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya canza abu biyu a lokaci guda ba zai san wanne ne ya yi maganin ba, mai mota kuma ya biya kuɗin biyun.

Filogin da aka sa mata wata biyu da suka wuce su ma abin kallo ne. Wannan injin iridiyom yake so, Denso SK16R11 ko makamancinsa, mai tazarar baki milimita 1.1, kuma na gaske a jadawalin kamfani yana kai mil 120,000. Waɗanda na ciro an rubuta musu sunan da ya dace, amma tsininsu ya riga ya cinye, tazarar ta kusa 1.4. Jabu ne. Na gaske tsininsa siriri ne, milimita 0.7, da ɗan faci na filatinam a ƙugiyar da ke fuskantarsa, rubutun jikinsa kuma ba ya gogewa da farce. Faɗin baki yana tilasta wa kwayil ta yi aiki fiye da ƙima, don haka jabun filogi da man da ke ramin tare suka kashe ta.

Tunda filogi suna waje, na auna matsin silinda. Wannan gwajin minti goma ne, kuma shi ke raba gyaran dubbai da na dubban ɗaruruwa. Injin da ɗuminsa, an cire wayoyin nozul don kada mai ya zuba, bakin totur a buɗe, batir mai ƙarfi. Na samu 178, 181, 175 da 180. Ƙa'idar wannan injin kada wata silinda ta gaza psi 145, kada kuma bambanci tsakaninsu ya wuce 15. Da wata ta faɗi, sai a zuba mata cokalin shayi na baƙin mai a sake: in ta tashi, ringi ne, in ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit ɗin tof silinda. An riga an fara raɗa wa Alhaji cewa injin yana son ringi. Lambobin nan huɗu suka rufe wannan maganar. Nozul kuwa na auna su da mita, kowace kusan om 14, daidai da ƙa'ida, kuma da na ɗora sukundireba a jikinsu na kara kunne, duk huɗun suna ƙyas-ƙyas iri ɗaya.

Akwai abu na uku da na lura da shi tun ina kallon na'ura. Bayan minti ashirin a hanya, zafin ruwa bai wuce digiri 68 ba, fanka kuma tana juyawa tun daga murɗa ki. An cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye. Al'ada ce da ta zauna a garejinmu, wai ƙasarmu da zafi, abin na Turawa ne. Ban yarda da ita ba. Tamostat ɗin wannan injin yana fara buɗewa a wajen digiri 82, kuma an ƙera injin ne ya yi aiki sama da haka, a Kano yake ko a Kanada. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai, yana tara baƙi a filogi da bawul, danshi da fetur ba sa ƙonewa su fita daga baƙin mai. A wannan motar ma sanyin yana tsawaita lokacin da gaskit ɗin manifol ke shan iska. Motar da ke zafi da lafiyayyen tamostat a ciki, galibi lagiretonta ne ya toshe, ko murfinsa ya mutu, ko fanka, ko famfon ruwa. Cire tamostat rufe bakin mai kuka ne.

Sai a nan na kira mai motar, muka zauna kan zaɓen abin da za a yi. Na raba masa maganar gida biyu, domin mutane suna cakuɗa su: akwai gyaran abin da ya lalace, akwai kuma sabis na kiyayewa. Kalmar sabis a bakin yawancinmu ba ta wuce juye da filogi da wanke-wanke, kuma babu ɗaya a cikinsu da zai toshe ɓulin gaskit.

Gyaran dai bai da gardama: gaskit ɗin manifol da na totur, gaskit ɗin murfin bawul, kwayil ɗaya, filogi huɗu, tamostat da robarsa, da mayar da fanka kan rilenta. Inda ake tunani shi ne sabo ko Beljiyam. Duk abin da yake roba ne, ko matata, ko filogi, ko tamostat, sabo ake saya, domin tsufa ne ciwonsa, na Beljiyam kuma sa'an wanda aka cire ne. Kwayil kuwa na fi yarda da ta asali da aka ciro daga wani injin, irin wadda ake samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka, fiye da sabuwa mai arha marar suna, bisa sharaɗin za a gwada ta a mota a mayar in ba ta yi ba. A duba robarta kada ta tsage, kada kuma a ga farin layi ko baƙi a jikinta, alamar wuta ta taɓa zillewa. Ban canza sauran ukun ba. Suna aiki.

Aikin manifol bai kai awa biyu ba. An cire kan batir, an cire babban tiyo, an kwance totur an jingine shi gefe ba tare da an zare tiyoyin ruwansa ba, an cire ƙananan tiyoyi da ƙarfen da ke tallafe da manifol daga ƙasa, sannan aka ja shi baya. Ramukan tof silinda huɗu na toshe su da tsumma nan da nan, don noti ɗaya da ya faɗa ciki ya isa ya ci injin. Tsohon gaskit ya fito a lafe, ya yi tauri kamar busasshiyar fata. Sabon ana danna shi cikin kwarinsa a bushe, ba a shafa masa gam. Gam yana matsewa ya shiga ciki, kuma yana hana robar zama daidai. Ɗauri daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai awo, 30 N·m. Manifol na roba ba ya yafe ɗaurin ƙarfi.

Totur ɗin wannan shekarar na lantarki ne, ba shi da kebul ɗin da ke jan sa daga feda, ba shi kuma da wani bawul ɗin silo na daban kamar na 2003 da 2004. Babu sukurun da za a murɗa a ɗaga silo. Na goge baƙin da ya taru a gefen faifansa da tsumma mai ɗan feshi, a hankali, ban kwarara masa ruwan wanki ta wajen 'yar motar lantarkin da ke juya faifan ba. Eya filo mita sukuru biyu ne: an fesa mata feshinta na musamman daga nesa, ba a taɓa siraran wayoyinta da komai ba, an bar ta ta bushe minti goma. Feshin kafireto da iskar kwamfuresa su ne suka fi kashe ta.

A murfin bawul, gam ɗigo biyu kawai ake sawa, a inda murfin sarƙa ya haɗu da tof silinda, ɗaurin kuma mai sauƙi ne, wajen 10 N·m. Filogi ana fara ɗaura su da hannu har su zauna, saboda tof silindar alminiyom ce, sannan 25 N·m, injin da sanyinsa. Ba a buga bakin iridiyom don a gyara tazara. Tamostat yana da ɗan ƙaramin bawul mai motsi a gefensa, shi ake sa wa ya kalli sama don iska ta fita. Ruwan da na zubar jajir yake da tsatsa, ruwan rijiya ne zalla. An wanke sau biyu, aka cika da ruwan sanyaya inji na gaske, yana cin kusan lita 6.5, hita a kunne har kumfa ta daina fitowa.

Kan sabis na kiyayewa muka fi ja. Motar da ba ta da tarihi, abin da ya dace shi ne a ɗauka ba a yi mata komai ba, amma ba sai an yi duka rana ɗaya ba. Baƙin mai na sa a gaba ko da bai daɗe ba, saboda misin ya wanke fetur cikinsa, ana jin warinsa a sandar awo, kuma mai kauri 20W-50 aka zuba mata. Murfin injin da kansa 5W-30 ya rubuta. Injin yana da VVT-i, wanda da matsin baƙin mai yake juya tayimin ta ƙananan hanyoyi da 'yar matata siririya. Mai kauri da datti suna jinkirta shi, shi ma yana iya kawo karkarwar silo. Yana cin wajen lita 4 da matata, a cika a hankali ana duba sanda. Na ƙi zuba maganin wanke cikin inji. A injin da ya yi wannan tafiya, dattin da maganin zai ɓamɓaro yana iya toshe ragar famfon mai a ƙasa. Gara juye biyu kusa da kusa. Na kuma ce ya riƙa duba sanda duk kilomita 1,000, don a san ko injin yana shan baƙin mai kafin wani ya sake kawo zancen kauri.

Man giya na duba shi injin na aiki da zafinsa, giya a P. Ya yi duhu amma ba ya warin ƙuna. Irin T-IV take sha, an rubuta a sandarta. Na zaɓi a kwance noti a zubar a mayar da daidai abin da ya fita, wajen lita 3, ba a haɗa ta da injin tura mai ba. Eya kilina an canza, domin tsohuwar an sha hura ta da kwamfuresa har takardar ta yi ƙananan huji, kuma ƙurar hunturu da ta wuce nan kan eya filo mita take sauka. A cikin abin da aka lissafa wa Alhaji a wani wuri har da canza tayimin bel. Wannan injin sarƙa gare shi, ba shi da bel ɗin tayimin, sarƙar kuma shiru take. Na soke. Wanke nozul karo na uku ma na soke. Shawarar da na ƙara ita ce ya rage sayen fetur a galan wurin 'yan bumburutu, ya kuma daina barin tanki yana kaiwa ƙasa, don fetur ɗin ne ke sanyaya famfon.

Ya tambaye ni yadda zai gane wurin da zai riƙa kai ta idan ya yi tafiya. Na ce ya lura da abu kaɗan: shin mai kwamfutar yana iya nuna masa lissafin mai injin na aiki, ko lamba kawai yake karantawa, shin akwai sifana mai awo a garejin, shin za a ba shi tsofaffin kayan da aka cire a leda, shin kuma ana yarda a karɓi kuɗin bincike daban, ya tafi ya yi shawara. Wanda ya faɗi kuɗin gyara kafin ya buɗe bonet, hasashe yake sayarwa.

Bayan an mayar da kan batir, silo ya ɗan yi sama na 'yan mintoci, abin da aka saba gani ne, kwamfutar tana sake koyon matsayin totur mai tsabta. Na bar ta ta yi zafi ba esi ba fitila. Ruwa ya haura 82 ya ci gaba a hankali, fanka ta tashi da kanta a wajen 95, ta yi ɗan aiki ta tsaya. Silo ya zauna a 700. Ban ba da motar a ranar ba, domin P0171 ba ta dawowa a tafiya ɗaya, sai kwamfuta ta ga laifin a tashi biyu, kuma ciwon na safe ne.

Washegari da sanyin asuba na sake ta da ita. Salansa tana bugawa daidai, LTFT yana kan 3, STFT yana wasa tsakanin 2 sama da 2 ƙasa, a 2,500 ma haka. A hanya na taka ta inda take jakin, ta ɗauka sumul. Saura 'yar jijjiga kaɗan a D idan esi na kunne, wadda ke ɓacewa a N. Injin sitin na dama ne ya fara zama, amma bai fashe ba. Shi da man birki, DOT 3, da bel ɗin waje da ya fara tsattsagewa na rubuta su a kati tare da kwanan wata da lambar agogo, na sa a aljihun dashbod. Za a yi su a juye na gaba, bayan kilomita 5,000, lokacin da agogonta zai nuna wajen 154,100.